Gargaɗi: dala 650 na biya a kan filasta da gam, wai muƙamuƙin terosor ne

Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Jiya da dare sai ga mutumin da ya sayar mini da shi ya sake buɗe shafi a intanet da sabon suna, ya saka wani "muƙamuƙi", har mutane suna tambayarsa farashi. Na ce to, gara a yi mini dariya da in yi shiru.

Dala 650. Dala 480 kuɗin kaya, sai dala 170 wai kuɗin aikawa da takardar fitarwa. Dala 650, jama'a, a kan abin da aka kwaɓa da hannu.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ban san komai ba. Shekara da shekaru ina karatu a kan terosor, ƙadangarun nan masu tashi da suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Na san fiffikensu fata ce da ta rataya a jikin yatsa na huɗu, wanda ya yi tsawo fiye da kima. Na san a 1784 Cosimo Collini ya bayyana na farko da aka tono daga duwatsun Bavariya a Jamus, ya ɗauka dabbar ruwa ce, sai a 1801 Georges Cuvier ya gane mai tashi ce. Shi dai Collini kuskurensa bai ci masa dala 650 ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na fara ɗana masa tarko. Da gangan na rubuta masa, "Nawa ne wannan dinosor mai tashi?" Na ce idan ya amsa da farashi kawai, ɗan damfara ne. Sai ya rubuto, "Abokina, terosor ba dinosor ba ne, dangi ne kawai na kusa." Ya ci gaba, har ya kawo maganar ɗan siririn ƙashin nan na wuyan hannu da ke riƙe da fatar gaban fiffike, wanda babu wata dabba da ke da shi sai su. A nan na sakankance. A nan, a wannan saƙo. Na karanta shi ya fi sau talatin daga ranar zuwa yau. "Abokina, terosor ba dinosor ba ne." Magana ce da kowa zai iya kwafowa daga intanet cikin minti ɗaya, amma ni a lokacin gani nake na samu ɗan uwa a harkar.

Ya ce kayan daga Kem Kem ne, kudu maso gabashin Maroko, duwatsu masu shekaru kusan miliyan 95. Gaskiya ne ana samun terosor masu haƙora a can; a 1999 aka sa wa Siroccopteryx suna daga gaban muƙamuƙi da ya fito daga yankin. Ya ce haƙori ɗaya ɗaya yana da sauƙin samu, amma muƙamuƙi da haƙoransa a ciki sai mai rabo. Wannan ma gaskiya ne. Duk abin da ya faɗa mini gaskiya ne, ban da kayan.

Da ƙunshin ya iso na ji shi da nauyi a hannu. A'a, bari in koma baya, takardar ce ta fara zuwa. Kafin in tura dala 170 ɗin ya aiko mini da hoton takardar shaida, da hatimi ja da sa hannu. A jikinta an rubuta Pteranodon. Pteranodon! Dabbar da ma'anar sunanta ma ita ce fiffike marar haƙori, wadda Othniel Marsh ya raɗa wa suna a 1876, daga duwatsun alli na Kansas a Amurka. Ni kuma ga ni ina kallon hoton muƙamuƙi mai haƙora bakwai wai daga Maroko. Na gani. Da idona na gani. Na ce wa kaina ai kuskuren mai buga takarda ne, tunda shi mutumin ya san aikinsa. Na riga na biya dala 480, zuciyata ba ta son jin wani labari. Na tura dala 170.

To, nauyin. Ƙashin terosor rami ne a ciki, bangonsa siriri ƙwarai, shi ya sa yawancin waɗanda ake tonowa a murƙushe suke. Amma na ce ai yashi ya cika ramin ya zama dutse, dole ya yi nauyi. Wani uzurin ke nan na sake ba shi.

Mako biyu ina nuna wa duk wanda ya shigo. Sai wani abokina da ya karanci ilimin duwatsu ya ɗauke shi, ya kai bakin taga, ya sa gilashin ƙara girma. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, zo ka duba na biyu da na biyar." Haƙoran biyu suna da tsaga iri ɗaya, a wuri ɗaya, da lanƙwasa iri ɗaya. A mazubi ɗaya aka zuba su. Ya jiƙa auduga da ruwan goge farce ya shafa a gefe, audugar ta koma ja, wurin ya yi danƙo. Muka ɗora allura a wuta muka taɓa gindin haƙori, sai warin roba. Daga ƙarshe ni da kaina na ɓalle ɗan gefe da wuƙa: fari fat a ciki, toshe, da 'yan ramukan kumfa. Ba rami, ba siririn bango. Filasta ce aka yayyafa wa jan yashi da gam. Haƙora uku ne ya ce na gaske ne, su ma sun fi kama da na kifi.

Na san ba a kaina aka fara ba. A 1999 Archaeoraptor, wanda aka harhaɗa daga burbushin dabbobi daban-daban na Liaoning a ƙasar Sin, ya yaudari babbar mujalla sukutum kafin a gano. Ina ta faɗa wa kaina haka, amma ba ya rage mini zafi, domin su ba a rubuta musu Pteranodon ƙuru-ƙuru a takarda ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin kayan su iso ya yi mini tayin ƙoƙon kan Anhanguera, wani nau'in terosor, daga Birazil. Tun 1942 doka ta ce burbushin halittu na ƙasar mallakin gwamnati ne, kuma a 2013 'yan sanda sun kama dubbai a tashar jirgin ruwa ta Santos ana shirin fitar da su. Ke nan ko jabu ne ko na sata. Wannan ma ban tsaya na yi tunani ba.

Da na tura masa hoton audugar, ya karanta, bai amsa ba. Washegari shafin ya ɓace. Kuɗin ta hanyar da ba a iya dawo da su na tura, don ya ce zai rage mini dala 20. Dala 20 ta sa na yi asarar dala 650.

Kada ku biya ta hanyar da ba ta da kariya, kada ku yarda da hatimi, ku nuna wa masani hoto kafin ku tura ko sisi.

Hotunan hirarmu, da takardar, da bidiyon allurar duk suna wayata. Zan saka su gobe in na rufe sunana da lambar asusuna. Abin kuma yana nan a kan tebur, na kasa jefar da shi.