Sharhi kan man rina katako da na shafa wa barandar gidana a birnin Calgary na Kanada

Bara, a watan Mayu, wani kafinta ya kafa mana baranda ta katako a bayan gida, mai tsawon ƙafa 16 da faɗin ƙafa 12, kuma ya yi ta ne da jan katakon sida da ake sarowa daga dazuzzukan lardin British Columbia da ke yammacin Kanada. Wannan itace yana da wani mai na halitta a jikinsa da ke hana shi saurin ruɓewa, shi ya sa mutanen yammacin Kanada ke son sa duk da tsadarsa. Sai dai rana ba ta raga masa, domin idan aka bar shi haka nan, cikin 'yan watanni jan nan mai kyau sai ya koma ruwan toka. Abin da ya sa na sayi man rina katako ke nan, irin wanda yake shiga cikin jikin itace, mai ɗan launi kaɗan wanda ba ya rufe zanen katakon. Yanzu da ya ga hunturu guda, ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Ban shafa shi nan take ba. Sabon katako yana fitowa daga injin fiƙa da wani santsi a fuskarsa wanda ke hana shi shan mai, kuma gwajinsa ba shi da wuya: a ɗiga ruwa a kai, idan ya tsaya ƙwal-ƙwal kamar a kan leda, to katakon bai shirya ba. Nawa haka ya yi har ƙarshen Yuli. Na wanke shi da garin wanki mai sodium percarbonate da buroshi mai tauri, na bi da ruwan oxalic acid wanda ya cire baƙaƙen tabon da suka fito kusa da wasu ƙusoshin ƙarfe, sannan ya dawo da hasken katakon. Injin feshin ruwa mai ƙarfi na ajiye shi gefe, saboda sida itace ne mai laushi, ƙarfin ruwa yana tayar masa da gashi. Bayan kwana biyu na goge shi da samfefa mai lamba 80, kuma ɗan ma'aunin danshi da na aro daga maƙwabcina ya nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100, alamar katakon ya bushe yadda zai sha mai.

Wajen shafawa man ya burge ni. Ba shi da kauri, yana bin buroshi ba tare da gardama ba, kuma idan aka ɗauki allo biyu ko uku aka bi su daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba a ganin inda aka tsaya da inda aka ci gaba. Galan ɗaya da rabi ya ishe ni har da matakala da shingen riƙo. Abin da ban so ba shi ne wari, wanda ya shiga ɗakin girki har maiɗakina ta rufe tagogi kwana biyu, da kuma gargaɗin goge ragowar mai da aka rubuta da ƙananan haruffa a jikin gwangwanin. Duk inda mai ya kwanta bai shige ba bayan kamar minti 20, dole a share shi da tsumma, in ba haka ba wurin ya yi danƙo. Ni ma sai da na taka wani gefe washegari, takalmina ya manne, kafin na gane. Su kuma tsummokaran na jiƙa su a bokitin ruwa, domin tsumma mai irin wannan mai idan aka tara shi wuri guda yana iya kama wuta da kansa.

Hunturun Calgary jarrabawa ce mai tsanani ga katako. Dusar ƙanƙara takan kwanta, sai iskar Chinook mai ɗumi ta sauko daga duwatsu ta narkar da ita, daren gobe kuma ruwan ya sake daskarewa. Fenti ko duk wani abu da ke yin fata a saman katako yakan ɓare a irin wannan yanayi. Wannan man bai ɓare ko'ina ba. Launin ya ɗan kode a bakin ƙofa da kan matakala inda ake yawan takawa, amma ruwa har yanzu yana taruwa a saman allunan maimakon ya shige.

Wuri ɗaya ne ya ba ni kunya, kuma laifin nawa ne. Alluna uku na kusurwar gabas na tsallake su wajen gugar samfefa saboda magariba ta gabato kuma bayana ya gaji, na ce ai ba za a gane ba. Yau su ne suka yi dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri fari, kuma duk baƙon da ya fito shan shayi idonsa can yake fara zuwa. Zan sake sayen wannan man idan lokacin sabuntawa ya yi, wanda nake sa ran zai kai baɗi, amma waɗannan alluna uku zan goge su in sake shafa musu tun kafin sanyin Oktoba ya shigo.