Kwamin baftisma mai naɗewa: abin da ya iya da inda yake ba da wahala

Ikilisiyar da ke yin baftisma ta nutsarwa, amma ba ta da ginannen kwami kuma ba kogi a kusa, takan koma ga kwamin da ake haɗawa, a kuma kwance shi in an gama: firam na bututun ƙarfe, da tamfol mai kauri da ake rataya a cikinsa. Wanda muke dubawa a nan shi ne mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, bangonsa santimita 90. Ma'aunin da za a auna shi da shi yana cikin Romawa 6:4 da Kolosiyawa 2:12, inda Manzo Bulus ya kwatanta baftisma da binnewa tare da Almasihu da kuma tashi tare da shi zuwa sabuwar rayuwa. Ke nan aikin kwamin biyu ne: ruwa ya rufe mutum ruf, sannan a ɗago shi lafiya.

A aikin farko ya yi. Tsawon mita 2 ya ishi babban mutum ya miƙe. A na biyun ne ake shan wuya. Ba a cika shi har baki, ruwan yakan tsaya a santimita 70, wato bai kai ƙugun babba ba. Idan wanda za a yi wa baftisma ya tsaya a tsaye aka kwantar da shi ta baya, tafiyar ta yi nisa, wajen ɗagowa kuma ruwa ba ya taimakon fasto, nauyin duk yana kan bayansa. Nan ne ake ganin ƙafar mutum ta zame ta yi sama, kai ya tsaya a ƙasa, ya fito yana tari. Maganin shi ne mutum ya durƙusa ko ya zauna a kan ƙaramin benci na roba, ruwa ya kai masa ƙirji. Ya toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe wuyan hannun fasto, fasto kuma ya tallabe shi tsakanin kafaɗu. Daƙiƙa biyu a ƙarƙashin ruwa sun wadatar. Ga tsoho ko mai tsoron ruwa, a sunkuyar da shi ta gaba, binnewar dai ta cika.

Nauyi shi ne abin da masu saye suka fi mantawa. Ruwa mai zurfin santimita 70 a wannan kwami lita 1,400 ne, kowace lita kuma kilo ɗaya ce. Wato kilo 700 a kan kowace murabba'in mita, kafin kowa ya shiga. Daɓen siminti na ƙasa zai ɗauka. Dandamalin katako ko bene kuwa, kada a ɗora sai injiniya ya duba. Ƙasan ya zama a baje, don gangara ko ta santimita uku ce tana tura ruwan gefe guda, ƙafafun can su karkace. A shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙarƙashi, tsakuwa ɗaya ta isa ta huda tamfol ɗin.

Haɗa shi ba wuya, mutum biyu sun isa. Sai dai a miƙe tamojin tamfol tun ruwa bai wuce santimita biyar ba, domin bayan haka ba ya jawuwa. Tiyo mai ba da lita 15 a minti zai cika shi cikin awa ɗaya da rabi. Santimita 20 da aka bari a sama ba ɓarna ba ce: mutum mai kilo 70 yana ɗaga ruwan santimita uku da rabi kawai, amma igiyar ruwan da kwantar da shi ke tayarwa ita ce ke tsallake bango.

Ɗumama ruwa ba sabon abu ba ne. Didake, littafin koyarwar ikilisiyar farko, ya fifita ruwa mai gudu, amma ya yarda da mai ɗumi in mai sanyi ya gagara. Ɗaga zafin lita 1,400 da digiri 10 yana cin kusan kilowat-awa 16. Hita mai kilowat 3 za ta yi awa biyar da rabi a lissafi, a aikace ta fi haka idan ba a rufe saman ba. Digiri 30 zuwa 32 ya yi daidai. A motsa ruwan kafin a auna, saboda mai zafi yana taruwa a sama.

A nan babu sassauci: a cire hita daga soket, a fitar da ita daga ruwa kafin kowa ya sa ƙafa. Makirufo mai waya kada ya kusanci kwamin. A 2005 wani fasto a garin Waco na jihar Texas a Amurka ya rasu yana tsaye a ruwan baftisma, wutar lantarki ta ja shi lokacin da ya kai hannu ga makirufo.

In an kwatanta da kwamin da ake hura wa iska, wannan ya fi nesa ba kusa ba. Na iska yana lanƙwashewa da zarar an dafa bangonsa, mai fitowa daga ruwa kuwa dole ya nemi abin dafawa. Aibin mai firam shi ne santsin tamfol da tsayin bango. Ana bukatar matakala ciki da waje, da shimfiɗar roba mai hana zamewa.

Kafar fitar da ruwan tana ɗan sama da ƙasan kwamin, don haka kullum sai ta bar saura, a kwashe da bokiti da soso. Kada a naɗe tamfol da danshi. A shanya shi ya bushe ƙaƙas, har cikin aljihunan da bututu ke shiga, in ba haka ba fumfuna ce za ta tarbi wanda ya buɗe shi a baftisma ta gaba.