Hattara da mai sifikun mota na "wat 1000"

Jama'a salamu alaikum. Wallahi na so in haɗiye maganar nan saboda kunya, amma jiya wani abokina ya turo min hoton tallan mutumin da ya damfare ni da sifikun mota yana tambayata wai ya saya? Sai na ga shirun ba zai yi ba.

Sifikun ƙofar gaba na motata ne suka fara ƙara, kun san na kamfani yawanci takarda ce, in sun kwana biyu zafi da laima sai su cinye gefen, kana ɗan ƙara murya ka ji kamar ana yaga buhu. Ina cikin neman masu sauƙin kuɗi sai na ci karo da wani a intanet, hotuna tsaf, kwali sai sheƙi yake, an buga sunan Pioneer, inci 6.5, ga wat 1000 ɓaro-ɓaro a jiki. Wai ragowar kaya ne yake so ya rabu da su shi ya sa ya karya kuɗin, kuma shi zai ɗaura min da kansa kyauta. Kyautar nan ita ta ja ni, ba zan ɓoye ba.

Da muka haɗu ya ce in shiga motarsa in ji da kunnena, ya saki kiɗa, bes har cikin ƙirji. Ko tambaya ban yi ba ko akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a motar, balle in ce ya nuna min cewa waɗanda nake ji su ne irin na cikin kwalin. Ya kwance ƙofofina huɗu cikin sauri yana ta ja na da hira, ya ɗaura, ya rufe, ya tattara tsofaffin ya ce bari ya zubar min. Da na kunna sai na ji sauti siriri kamar na ƙaramar rediyo. Ya ce ai sababbi ne, in ba su sati biyu su saki jiki. Sati biyun na cika lambarsa a kashe.

Mai rewaya na kai wa, shi ya buɗe min ido. Wannan ƙaton abin da ke bayan sifikar da na ɗauka maganaɗisu ne ashe murfin roba ne, da ya ɓalle shi sai ga ɗan mitsitsin maganaɗisu a ciki an manna masa guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Ɗan twitan da ke tsakiya kuwa, wato 'yar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ko waya ba ta je masa ba, ado ne kawai. Sannan a ƙofa ɗaya ya juya wayoyin, ɗaya sifikar na turawa ɗayar na ja, shi ya sa bes ɗin ya ɓace gaba ɗaya. Kuma maimakon ya sa adafta sai ya datse fulogin kamfani ya murɗa wayoyin da hannu ya naɗe da salatef. Jabu ne tun daga kwali har abin da ke ciki, kamfanin da aka ari sunansa bai ma san ana yi ba.

Maganar wat ɗin nan ita ce tarkon, a nan nake so ku tsaya. Wat da ake rubutawa a jikin sifika ba ƙarfin da za ta fitar ba ne, abin da za ta iya ɗauka ne. Kuma lamba biyu ce, akwai ta ƙololuwa wadda sifika ke jurewa na ƙiftawar ido, ita ake bugawa da manyan baƙi, akwai kuma RMS, wato wutar da take iya ɗauka a kai a kai, wadda ita ce ta gaskiya, ƙarama ce a gefen kwali ko a baya. Rediyon mota da ba amfilifaya, ko an rubuta masa 50 sau 4, abin da yake bai wa kowace sifika bai wuce wat 15 zuwa 20 na RMS ba. To me wat 1000 zai yi maka ko da gaskiya ne? Abin dubawa shi ne lambar dB, wato ma'aunin ƙarar da sifika ke bayarwa, mai kusan 90 ko sama ita ke tashi da ƙara da wuta kaɗan. Sai om, wato ma'aunin yadda sifika ke tauye wutar da ke bi ta cikinta, yawanci 4 ne, amma wasu motocin masu amfilifaya daga kamfani om 2 suke amfani da shi, ka sa mai 4 sauti ya ragu ka zauna kana zargin rediyo. Kwalin da ya ba ni babu RMS ko guda, kuma lambar samfurin da na nema a shafin kamfanin babu ita sam.

Abin da ya fi min ciwo tsofaffin da ya tafi da su. Na baya lafiyarsu lau. Mai rewaya ya ce sayarwa suke a matsayin na kamfani, wato riba biyu ya ci a kaina, in kuwa motarka irin masu zuwa da sifikun Bose ko JBL ce to abin da zai ɗauke ya ninka abin da zai bar maka. Ashe ma dabarar tsohuwa ce, a Amurka da Ingila an daɗe da sanin masu yawo da farar motar kaya suna cewa rarar sifiku ce ta rage musu.

Duk wanda zai saya, kar ya biya sai an buɗe kwalin a gabansa. Ka ɗora mitar gwaji irin ta masu rewaya a kan wayoyin sifikar, mai om 4 za ta nuna uku da wani abu. Ƙaramin batir na bolt 1.5 in ka taɓa shi da wayoyin za ka ga fuskar sifikar ta motsa, amma kar ka gwada haka da twita. A kunna a motarka ba tasa ba, ƙofa a buɗe, ka sauke gilashi har ƙasa ka ga bai bugi bayan sifikar ba, sannan tsofaffin ka sa su a but ɗinka da hannunka.

Tallan da abokina ya turo sunan daban ne, lambar ma daban, amma hotunan su ne, har tabon da ke gefen kwalin yana nan.