Yaro Ya Ce Roka Yake So: Me Za a Fara Saya Masa?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ɗan ƙanwata mai shekara 14 ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi wannan." Yara ne sa'anninsa a wani fili a Amurka, sun harba roka da ɗanyen ƙwai a cikinta, laimar saukarta ta buɗe, ƙwan ya sauko ko tsagewa bai yi ba. Gasar American Rocketry Challenge ke nan, wadda aka fara tun 2003. Ana yanka wa ɗalibai tsayin da za su kai, wajen ƙafa 800, da daƙiƙoƙin da rokar za ta yi a sama, wanda ya fi kusantar abin da aka gindaya shi ke ci. Da yamma uwarsa ta same ni. "Yaya, kai ne malamin kimiyya. Gaya mini abin da zan saya masa, kuɗin ba su da yawa."

Abin da yaron ya ƙwallafa rai a kai shi ne roka mai injin albarushi, irin ta kamfanin Estes. Ana samun jikinta a kwali, yaro ya haɗa da gam, ya sa mata inji ɗan ƙarami kamar yatsa. Lambar da ke jikin injin tana da ma'ana. A C6-5, harafin C ya ninka B a ƙarfi, B ya ninka A. Lamba 6 matsakaicin turawarsa ne, 5 kuma daƙiƙoƙin da zai jira kafin ya tunkuɗo laima. Ƙaramar roka mai irin wannan inji na iya kaiwa mita 300, kuma abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai kowane inji sau ɗaya ake amfani da shi, ya ƙone ke nan. Kuma da yake albarushi ne, ba a yarda a sa shi a jakar matafiyi a jirgin sama ba, don haka ɗan'uwan da ke Bronx ta Amurka zai iya kawo jikin rokar amma ban da injin. Sai ka tashi da kyakkyawar roka a kan kabad tana shan ƙura. Ga shi mu mutanen Aboabo, Sawaba da Asawase muna maƙwabtaka da filin jirgin saman Prempeh I, inda ba a wasa da harba komai sama. Wannan sayayya ta makaranta ce ko ƙungiya mai malami da fili da izini.

Roƙona ga iyaye: in kun ga yaro na kallon bidiyon haɗa man roka da sukari da takin zamani, ku tsawatar tun da wuri. Yatsu da ido ba su da madadi.

Rokar ruwa ita na zaɓa masa, kuma a nan zan daɗe. Abin da za a kashe wa kuɗi sosai ɗaya ne, famfon keke na tsaye mai agogon awon iska. Kada a karɓi marar agogo ko da an yi ragi, domin in ba a san yawan iskar da aka ɗura ba, ba abin da za a rubuta, ba abin da za a kwatanta. Sauran kayan na kusa ne: bawul ɗin tsohuwar taya daga Suame Magazine, unguwar makanikai, guntun bututun roba daga masu kayan famfo, salatif mai ƙarfi, kwali mai kauri na fikafikai, da tabaron kare ido. Gora kuwa dole ta kasance ta lemo mai gas, wadda aka ƙera don ta jure matsin iska. Ni na taɓa kuskuren amfani da gorar ruwan sha, ta fashe tun tana kan maharbi, wato abin da ake kafa ta a kai a harba, kunnena ya yini yana ƙara.

Ana zuba ruwa kashi ɗaya bisa uku na gorar, a ɗura iska, a ja igiya daga nesa. Harbinmu na farko a filin ƙwallo, gorar ta tashi tana wulwulawa kamar kazar da aka yanka, ta faɗi kusa da mu. Yaron ya ɓata rai. Na ce ya ɗaura mata zare a daidai inda nauyinta ya rabu biyu, ya juya ta a saman kansa. Sai ta riƙa tafiya da gindi. Muka manna curin yumɓu a hancinta, ya sake juyawa, ta miƙe sak. Nauyi a gaba, fikafikai a baya: abin da injiniyoyin roka ke lissafawa ke nan, shi kuwa da hannunsa ya gano.

Auna tsayin ma ba ya buƙatar kuɗi. Yaro ya tsaya mita 50 daga maharbi da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi, an rataya masa zare da ɗan dutse. In rokar ta ƙure a kusurwa 45, ta yi mita 50 ke nan. Lissafin da ake gudu a aji sai ga shi ya zama abin nema.

Bayan wata biyu ko uku, in sha'awar ba ta huce ba, sai a ƙara da ɗan allon lantarki da ake tsara wa aiki da kwamfuta, irin Arduino ko ESP32, da 'yar na'urar BMP280 mai auna matsin iska, wanda ke raguwa yayin da ake hawa sama. Ita za ta riƙa rubuta tsayin da kanta. Wannan mataki yana son kwamfuta da haƙuri, kuma a sayi na'urar biyu, domin ta farko ba ta cika tsira daga faɗuwa ba. Kada a raina shi. Ɗaliban Jami'ar All Nations da ke Koforidua sun fara ne da CanSat, tauraron gwaji mai girman gwangwanin lemo, a 2013. Zuwa Yulin 2017 an saki tauraron ɗan'adam ɗinsu, GhanaSat-1, daga tashar sararin samaniya ta duniya, nauyinsa kusan kilo 1, aikin Benjamin Bonsu, Ernest Matey da Joseph Quansah. In akwai kwamfuta a gida, manhajar OpenRocket kyauta ce, yaro zai zana roka ya ga yadda za ta tashi kafin ya yanka kwali.

'Yan mata ma a saya musu. Ɗaliban Methodist Girls ta Mamfe sun ci gasar haɗa mutum-mutumi ta duniya, Robofest, a Amurka a 2019. Kuma a nan Kumasi, jami'ar KNUST na koyar da injiniyancin jiragen sama da sararin samaniya; mai son zuwa can sai ya zaɓi ajin kimiyya a sakandare, ya riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da kyau.

Ƙanwata ta sayi famfo a Adum, da tabarau biyu, da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Zuwa yanzu ya cika shafi shida da yawan ruwa, awon iska da kusurwa. Asabar mai zuwa za mu fita bayan gari, nesa da hanyar jirage, yana so ya gwada laimar da ya yanka daga leda, da ƙwai ɗaya da ya roƙa wajen uwarsa.