Garejin da ya tashi Fijon Baba, ya kuma zubar da kujerunta

Tun da aka ga motar marigayi mahaifinmu ta sake hawa titi, mutane suke tambayata inda na kai ta bayan ruwa ya ci gidanmu. Ba zan kama sunan garejin ba, domin abin da zan faɗa akwai daɗi akwai ɗaci, kuma ba na son a ce ni na ɓata wa dattijo sana'a. Wanda ya san garejojin tsofaffin Fijo na wajen Kakuri ya san irin wurin: rumfar kwano, ramin shiga ƙarƙashin mota, da gawarwakin 504 da 505 jere a gindin dalbejiya.

Gidanmu yana gangaren Kigo Road ne, ɓangaren da ke kusa da Kogin Kaduna. Ruwa ba baƙonmu ba ne. A ambaliyar 2003, wadda har yau tsofaffin unguwa ke kwatance da ita, Baba da kansa ya fitar da motar ya kai ta kan tudu tun kafin ruwa ya iso. Wannan karon babu Baba. An kwana biyu ana tafka ruwa, sai wajen ƙarfe uku na dare ya ɓullo mana, kuma ba ta ƙofa ya fara ba, ta makwararar banɗaki ya taso. Kafin mu kai Hajiya da yara benen maƙwabcinmu ya kai gwiwa, da asuba ya kai ƙugu. Katifu, buhun shinkafa da na masara, firji, kujerun falo, duk sun tafi. Rijiyar tsakar gida ta haɗe da ruwan sokawe. Duk wannan na ɗauke shi a matsayin ƙaddara. Abin da ya karya mini zuciya shi ne da gari ya waye na leƙo daga bene na hango motar a rumfarta, ruwa ya shanye bonet, gilasai da rufi kawai ake gani.

Peugeot 504 ce ta 1983, fara, haɗin Kaduna, daga masana'antar PAN ta Kakuri da ta fara haɗa motoci a 1975. Da bashin mota Baba ya saye ta lokacin yana aiki a masaƙa, kuma bai taɓa yarda wani ya tuƙa ta ba sai da ƙafarsa ta gaza. Inshora kuwa kada ma a yi maganarta. Irin wadda kowa ke yi ce muke da ita, ta naira 15,000 tun da aka ƙara kuɗinta a farkon 2023, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Ba ruwanta da ambaliya.

Kwana biyu bayan ruwa ya janye, wani abokin Baba ya turo mini dattijon nan mai garejin. Ya iso a Keke Napep da jakar sifanu a hannu, ya tarar na aro batir, makulli yana hannuna, samarin unguwa sun kewaye ni suna cewa a gwada a gani ko za ta tashi. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Ɗana, ajiye makullin nan." Na ce, "Baba, so nake kawai in ji ko injin yana da rai." Ya ce, "In ka murza shi yanzu, kai za ka kashe shi da hannunka."

A tsaye a cikin taɓo ya yi mini bayani. Fistin iska da fetur yake matsewa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In ruwa ya cika silinda aka buga kik, ƙarfin ba shi da inda za shi sai kan sandar da ke riƙe da fistin, ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa injin. Ya zaro sandar duba baƙin mai ya nuna mini, man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Sannan ya kwance fulogi huɗun, ya sa sifana ya juya injin da hannu a hankali, sai ga jan ruwa yana tsartuwa daga ramukan har ya ɓata masa gaban riga. Ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a nemo motar ja. Wallahi a wannan rana da ya ce in ba shi duk abin da ke asusuna da na ba shi.

Aikin inji kam ba ni da ta cewa. Sati uku ya yi a kai. Sau uku ya zuba baƙin mai yana zubarwa har ya fito garau. Ya juye man giya da na aksul ɗin baya, ya sauke tanki ya wanke, ya zuƙe man birki gaba ɗaya domin a cewarsa man birki yana shan ruwa, in ya sha kuma wata rana a kan gangara za ka taka ka ji fanko. Kabureta ya warware ta ɗaya bayan ɗaya a kan tire, ya wanke kowane ɗan rami da fetur yana hurawa. Distiributa, kwayil, kik, altaneta, duk sai da ya buɗe ya busar. Abin da ya mutu kawai yake cewa a saya, kuma in zai aika kasuwar Panteka sai ya kira ni ya faɗa mini, ya ajiye mini tsohon da aka cire. Ya ce sa'ar da muka yi ita ce motar ba ta da kwamfuta. Gaskiyarsa, domin motoci biyu na zamani a layinmu da ruwa bai kai musu inda ya kai wa tamu ba, har yau suna kan duwatsu ana neman na'urorinsu.

Ranar da ta tashi ina wurin. Bugu na biyu ta kama, ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi ta salansa, sannan ta daidaita da wannan ƙarar tata da muke ganewa tun daga bakin layi muna yara mu ruga mu buɗe get. Na kira Hajiya na kara wayar a jikin bonet. Ba ta ce komai ba sai "Allahu Akbar", ta kashe wayar. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo ne daga farko har ƙarshe.

Sai na buɗe ƙofar direba.

Kujerun ba na motar ba ne. Wata baƙar leda ce mai ƙyalli, da jan zare a gefe, irin wadda ake yi wa motocin haya. Kafet ɗin ƙasa babu, an shimfiɗa roba. Na tsaya riƙe da ƙofa na kasa magana. Tun ranar da aka ja motar na faɗa, a gaban dattijon da ɗansa da yaran gareji, cewa ko ƙusa ba na son a yar sai an tambaye ni. Na maimaita. Kujerun asali ne, ruwan ƙasa, tun daga masana'anta. Ta direba tana da wani lotsawa a dama inda kafaɗar Baba ke zama, kuma a gefenta akwai inda ta yage Hajiya ta ɗinke da baƙin zare da hannunta. Ba kyau nake nema a wurin ba. In kyau nake so ai da tuni na sayar da ita na sayi wata.

Da na matsa da tambaya sai gaskiya ta fito. Dattijon inji ya riƙe, cikin mota ya bar wa ɗansa. Shi kuma maimakon ya ciro kujeru da kafet a ranar farko a wanke a shanya, sai ya rufe gilasai ya bar motar a rana fiye da mako da jiƙaƙƙen soso a ciki. Zafi da laima suka haɗu, funfuna ta cinye komai, wari ya hana a kusance ta. Da ya ga ɓarnar, bai kira ni ba, bai gaya wa mahaifinsa ba, sai ya kira mai ɗinkin kujera suka feɗe su suka sa sabuwar leda, wai zai ba ni mamaki. Har cewa ya yi, "Yallaɓai, ai yanzu ta fi kyau." Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Na buɗe aljihun gaba, wayam. A nan Baba yake ajiye wani ɗan littafi mai jan bango, wanda tun 1983 yake rubuta duk ranar da ya canza mai, da lambar mita, da abin da ya biya. Har tafiye-tafiye yana sawa: Zariya, Funtuwa, Kano, ranar da aka kai yayarmu gidan miji. Na san ruwa ya jiƙa shi, amma takarda in aka bi ta a hankali, aka raba shafuka aka shanya a inuwa, ana samun wani abu. Na tambaya, wani yaro ya nuna mini bola a bayan gareji.

Da kaina na shiga bolar nan, da kaftanina na Juma'a, ina tona tsummokaran mai da fasassun galan da sanda. Na samu fatar kujerar direba a dunƙule, ɗinkin Hajiya yana nan. Littafin kuma na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar taya ya zama curi guda, baƙin mai ya ratsa shi. Shafi biyar na iya ɓamɓarowa. A ɗaya ana iya karanta "Kachia" da rubutun Baba, sauran tawada ta narke.

Dattijon ya biyo ni har bakin bolar. Da ya ga abin da ke hannuna ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, "Ɗana, laifina ne. Na ba yaro amana ban bi sawu ba. Ka yafe mini don Allah." Mutumin ya girmi mahaifina, ba zan iya ɗaga masa murya ba. Na ce na yafe, kuma har zuciyata shi na yafe masa. Ya ce ba zai karɓi ko kwabo na ɗinkin ba. To amma bayan kwana huɗu sai ga ɗan nasa ya kira ni, wai mai ɗinki yana damunsa, in taimaka in cika kuɗin leda. Kuɗin ledar da ban ce a sa ba, a kan kujerun da shi ya ruɓar! Na biya, don kada maganar ta koma kan tsohon, amma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Zakin tambarin Fijo da ke gaban motar ya ɓace a garejin, kowa ya ce bai gani ba. Bayan wata biyu na ɗaga robar da suka shimfiɗa, na tarar ba su ma kankare taɓon da ke ƙasa ba, kawai rufe shi suka yi. Tsatsa ta riga ta huda ƙasan wajen ƙafar fasinja, sai da mai walda ya yanke ya sa faci. Ƙofofin ma akwai ƙananan ramuka a ƙasansu da ruwa ke fita, duk laka ta toshe su, da tsinke na buɗe su ruwa ya zubo. Wannan aikin rabin yini ne da an yi shi a kan lokaci. Shi ya sa yanzu in aka tambaye ni sai in rasa amsa guda. Wani maƙwabcinmu mai tsohuwar 505 na tura shi wurin, amma sai da na sa ya kwance kujerunsa da kafet a gida, ya kwashe duk wata takarda, ya kai musu ƙarfe zalla. Na kuma ce masa da dattijon zai yi magana, ba da kowa ba.

Gidan dai muna ta lallaɓawa. An kwashe rijiya an zuba sinadarin kulorin, mai wayarin ya canza duk soket ɗin ƙasa, amma fenti magini ya ce mu jira hunturu bango ya bushe, in ba haka ba zai kumbura ya zube. Layin da ruwa ya tsaya yana nan a falo, daidai ƙasan hoton Baba.

Juma'ar da ta wuce na kai Hajiya gaisuwa Tudun Wada a cikin motar, karo na farko tun ambaliyar. Injin ko gezau, har ta fi da santsi. Hajiya ta shiga gaba inda ta saba zama, ta shafa baƙar ledar da tafin hannunta, ta dubi kujerar direba, ta ce in sauke mata gilashi. Ba ta ƙara cewa komai ba har muka isa. Fatar kujerar Baba na wanke ta na ninke tana ɗakina, na samu wani mai ɗinki da ya ce zai gwada mayar da ita in na kawo sabon soso. Zakin kuma sun ce in koma ranar Asabar, wai an sa a duba mini a Panteka.