Kwas ɗin horar da malaman yoga na awa 200 a Rishikesh: abin da na samu da abin da ya rage

Duk wanda ya daɗe yana yoga, wato atisayen jiki da numfashi da nutsuwa mai asali daga Indiya, har jikinsa ya saki, hankalinsa ya fara kwanciya, wata rana sai wani ya roƙe shi ya koya masa, kuma daga nan ne sha'awar zama malami take shiga zuciya. Hanyar da akasarin mutane suke bi ita ce kwas ɗin horar da malamai na awa 200, wanda makarantu da dama suke dunƙule shi cikin kusan mako huɗu. Na yi nawa ne a wata makaranta a Rishikesh, garin da ke bakin kogin Ganga a jihar Uttarakhand ta arewacin Indiya, bayan na shafe shekaru ina yoga da zuzzurfan tunani a matsayin ɗalibi. Yanzu da nake koyarwa, ina ganin lokaci ya yi da zan auna kwas ɗin da abin da aikin yake bukata a zahiri.

Maganar takardar shaida ce ta fi ruɗar mutane. Ma'aunin awa 200 ya samo asali ne daga Yoga Alliance, ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a Amurka a 1999, wadda take ajiye rajistar makarantu da malamai. Sunan mutum a cikin wannan rajista yana nuna cewa ya kammala kwas a makarantar da ƙungiyar ta amince da manhajarta, amma ba lasisi ba ne na gwamnati. Indiya tana da tata hukumar tantance malamai a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH mai kula da yoga da magungunan gargajiya, ma'aikatar da aka kafa a 2014, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya.

Tsarin yini a makarantar yana da nauyi. Ana farawa da atisayen numfashi tun da sanyin safiya, a shiga motsa jiki, a zauna darasi da rana, a koma kan shimfiɗa da yamma. Ɗakunan kwana suna da tsabta, abincin ganyayyaki ne babu nama, kuma ban ga abin kushewa a nan ba.

Inda kwas ɗin ya biya kuɗinsa shi ne darasin tsarin jikin ɗan Adam da gwajin koyarwa. Malamar da ta ɗauke mu ta tsayar da ɗalibai biyu a gaban aji, ta sa su tsuguna. Ɗaya ta sauka har ƙasa dugaduganta na manne da daɓe, ɗayan kuwa ya tsaya a rabi, dugadugansa sun ɗaga, bayansa ya lanƙwashe. Ta ɗauko ƙashin ƙugu na roba ta nuna mana yadda kan ƙashin cinya yake zama a cikin raminsa, ta bayyana cewa zurfin ramin da inda ya fuskanta sun bambanta daga mutum zuwa mutum, haka ma sassaucin idon sawu. Akwai taurin da atisaye yake sassautawa domin na tsoka ne, akwai kuma iyakar da ƙashi ya gindaya, wadda babu yawan atisayen da zai kawar da ita. Sannan ta naɗe bargo ta sa wa ɗalibin a ƙarƙashin dugadugai, nan take ya sauka cikin sauƙi, numfashinsa ya daidaita. Amfani da bulo na katako da ɗamara da bargo ta wannan hanya gado ne daga B.K.S. Iyengar, malamin da ya koyar a birnin Pune na Indiya har ya rasu a 2014, ɗaya daga cikin almajiran shahararren malamin yoga Krishnamacharya na Mysore.

A ganina wannan shi ne ainihin bambancin mai yi da mai koyarwa. Ɗalibi yana sauraron jikinsa ne, malami kuwa dole ya ɗauke ido daga kansa ya ɗora a kan jikin da ba nasa ba, ya lura da gwiwar da ta karkata ciki, da haƙoran da aka cije, da numfashin da aka riƙe. A gwajin koyarwa an hana mu nuna motsi da jikinmu, an ce mu jagoranci abokan karatu da baki kawai, kuma a nan mutum yake gane ko ya fahimci abin da ya daɗe yana yi. An kuma nanata mana cewa ba a taɓa ɗalibi don gyara masa tsayuwa sai da izininsa, kuma tsayuwa a kan kai ba ta dace da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko mai ciwon wuya, ko mai hawan jinin ido, kamar yadda ake hana mai juna biyu numfashin kapalabhati mai bugun ciki. Na so a ce an ninka lokacin wannan sashe.

Ɓangaren zuzzurfan tunani ne ya ba ni takaici, kuma shi ne ya fara jawo ni ga yoga tun asali. A koyarwar Patanjali, tsohon malamin Indiya da ya tattara ƙa'idojin yoga a rubuce, yoga tana da rassa 8, motsin jiki reshe ɗaya ne kawai, huɗun ƙarshe kuwa duk sun shafi tattara hankali da nutsuwa. An karanta mana wannan a darasin falsafa, amma a aikace sai aka bar zaman nutsuwa zuwa ƙarshen yini, lokacin da gajiya ta riga ta ci ƙarfin kowa. An koya mana yadda za mu zauna, ba a koya mana yadda za mu zaunar da wani ba. Babu wanda ya yi mana bayanin abin da malami zai yi idan ɗalibi ya rufe ido sai tsoro ya taso masa, ko wani tsohon baƙin ciki ya dawo har ya fashe da kuka, alhali wannan yana faruwa a aji. Idan aka kwatanta, shirin rage damuwa ta hanyar zuzzurfan tunani da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts a 1979 yana ɗaukar mako 8 kafin ɗalibi ya kammala, horar da malamansa kuwa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun da bai kamata a ɓoye ba. Rishikesh gari ne mai tsarki ga mabiya addinin Hindu, kuma makarantar tana buɗe darasi da rera wasu kalmomi na tsohon harshen Sanskrit masu alaƙa da ibadarsu. Da na bayyana cewa ba zan shiga wannan ba, an girmama matsayina ba tare da wata gardama ba, kuma na yaba musu. Mai kishin addininsa ya nemi bayani a rubuce tun kafin ya biya.

Zan ba da shawarar kwas ɗin ga wanda ya riga ya yi shekaru yana atisaye, ban da sabon shiga da yake neman takarda cikin gaggawa. Kafin yin rajista a tambayi yawan ɗalibai a aji, da wanda zai koyar da tsarin jiki, da adadin awoyin da kowane ɗalibi zai tsaya a gaban aji da kansa. Ni dai bayan na kammala sai da na zauna a ƙarƙashin wata gogaggiyar malama ina taya ta aji na tsawon lokaci, na kuma nemi horo na daban kan jagorantar zuzzurfan tunani, kafin na yarda na karɓi ɗalibai nawa.