Lissafi ko Ƙididdiga: Abin da Ɗalibi a Saudiyya Zai Auna Kafin Digiri na Biyu

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a lissafi a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko Jami'ar Ɗaiba ta Madina yakan sami kansa a gaban hanyoyi uku: tsantsar lissafi, lissafin da ake aiki da shi a injiniyanci da kwamfuta, ko kuma ƙididdiga. Shawarata ga 'ya'yanmu ita ce kada su fara da sunan jami'a, su fara da takardar da ke aljihunsu. Wanda yake ɗan ƙasa yana iya hangen aiki a Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ƙidayarta ta 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2, ko a hukumar SDAIA mai kula da bayanai da aka kafa a 2019. Mai igama kuwa, wato baƙon da ke da takardar izinin zama, tunda tsarin Sa'uda yana fifita 'yan ƙasa a irin waɗannan kujeru, dole ya nemi digirin da zai yi masa amfani a kamfani mai zaman kansa a nan, ya kuma ci gaba da yi masa amfani idan ya koma Kano ko Yamai.

Tsantsar lissafi ilimi ne mai daraja, amma majistir, wato digiri na biyu, kaɗai a cikinsa ba ya kai mutum nesa da allon aji. Wanda bai shirya ƙara shekara huɗu ko biyar a digiri na uku ba, ya sake tunani.

Ƙididdiga ta fi yawan ƙofofi. Asibitoci suna buƙatar mai nazarin sakamakon gwajin magunguna, bankuna suna buƙatar mai auna haɗarin bashi, kamfanonin inshora kuma suna neman mai lissafa musu abin da za su caji mutane. Wannan aiki na ƙarshe yana da nasa sharaɗin, domin jarrabawar ƙwararru da ake ci mataki-mataki ita ake dubawa fiye da digiri. Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai: ɗalibi ya iya tabbatar da ƙa'ida a takarda, amma a ba shi jadawalin marasa lafiya mai gurabe babu komai a ciki da ranakun Hijira a gauraye da na Miladiyya, ya rasa ta inda zai fara. Duk shirin da ba ya tilasta wa ɗalibi rubuta R ko Python, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, kowane mako, bai cancanci kuɗinsa ba.

A ɓangaren jami'o'i, Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha (KAUST) da ke Suwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, ita ce kan gaba ga mai son bincike. Tana da shirin ƙididdiga da na lissafin aiki, da Turanci ake koyarwa, kuma wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin karatu, ana ba shi masauki da inshorar lafiya da alawus na wata, ko ɗan wace ƙasa ne. Shigarta na da wuya, kuma sai an gabatar da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, abin da yakan tsayar da yaranmu da suka yi karatunsu duka da Larabci. Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran, wadda tushenta ya koma 1963, ita ma da Turanci take koyarwa, kuma kusancinta da kamfanin mai na Aramco ya sa ta dace da mai son lissafin masana'antu. Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad da ta Sarki Abdul'aziz ta Jidda suna da sassan ƙididdiga, kuma ta Jidda ta fi sauƙi ga wanda ba zai iya yin nisa da iyayensa a Makka ba. Mazaunin ƙasa ya tambayi minha, wato tallafin karatu, ta cikin gida, domin dabam take da wadda ake ba masu zuwa daga waje.

Mai fasfon wata ƙasar Afirka ya duba cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, AIMS, wadda ta fara a Afirka ta Kudu a 2003 kuma tana da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, inda ake yin majistir na shekara ɗaya da cikakken tallafi.

Ko a jami'a ɗaya, majistir iri biyu ne. Mai risala, wato wanda ake rubuta kundin bincike a cikinsa, shi ne tsanin digiri na uku, kuma a cikinsa malamin da zai duba aikin ya fi sunan sashen muhimmanci, don haka a karanta abin da ya wallafa kwanan nan, a kuma tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana samun lokacinsu. Na darussa zalla, wanda sau da yawa da yamma ake yinsa kuma biya ake yi, ya fi dacewa da ma'aikacin da ke neman ƙarin girma. Kowanne aka zaɓa za a nemi wasiƙun shaida daga malamai, kuma ya fi kyau a roƙe su tun ɗalibi yana shekarar ƙarshe, lokacin da malamin bai manta da fuskarsa da makinsa ba.